Farantan farin gilashi masu zurfi: yadda suka yi da tuwo, manja da yara a gidana

Yawancin dina set ɗin da ke jere a shagunan Sabon Gari ba don abincinmu aka yi su ba. Ki sa a buɗe miki kwali ɗaya ki gani: manyan farantai shimfiɗaɗɗu guda 6, ƙanana 6 na burodi ko kayan zaƙi, 'yan kwanukan romo 6, in set ɗin babba ne a ƙara da kofunan shayi da mazauninsu, da buta, da gidan sukari. Tsarin teburin Turawa ne, inda ake ɗora yankan nama da dankali a bi su da wuƙa da cokali mai yatsu, romo kuma a sha shi daban. Mu kuwa malmalar tuwo ake ajewa a tsakiya a kwarara mata miyar kuka har ta kewaye ta. Faranti shafal ba ya riƙe wannan. Kafin yaro ya ɗauko shi daga kicin ya iso falo miya ta bi gefe ta sauka a leda, in kuɓewa ce ko karkashi ma yauƙin ya janye sauran gaba ɗaya.

Shi ya sa da na tashi sauya farantan gidana ban sayi set ba. Na sayi na farin gilashin nan da ake kira ofal, masu zurfi guda 18, shimfiɗaɗɗu 12, duk farare ƙal babu ko ɗigon zane. Mu takwas ne a gidan, ni da maigida da yara biyar da ƙanwarsa da ke zaune da mu tana karatu, ga baƙin Juma'a da ba sa yankewa. Farantan sun yi azumi da mu, sun yi sallah, sun shiga hannun yara, don haka ina da abin faɗa a kansu, mai daɗi da marar daɗi.

Waɗanda nake amfani da su a da na melamin ne, irin robar nan mai tauri da ake cewa ba ta fashewa, cikin kayan da gwaggona ta haɗa mini. Ba zan ci amanarsu ba, sun sha faɗuwa sun tashi lafiya. Amma manja da kori sun rina cikinsu ya koma ruwan ɗorawa, sheƙin ya mutu, cokali ya karce tsakiyar ya yi layi-layi, maiƙo ya samu wurin zama a cikin layukan. Ki wanke da omo, ki ɗauraye, ki shafa yatsa, har yanzu da santsin mai. Wani lokaci ki zuba wa yaro gwanda ya ce miki yana jin ƙanshin miyar jiya. Sai kuma maganar lafiya, wadda ita ta fi tsaya mini a rai. Ana haɗa wannan roba ne daga sinadarin melamin da fomaldehaid. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a amfani na yau da kullum abin da ke fita daga farantin ya shiga abinci kaɗan ne ƙwarai, amma ta hana ɗumama abinci a kansa a maikirowef, ta kuma ce abinci mai tsami sosai in ya yi zafin da ya kai wajen digiri 71 a ma'aunin Salshiyas ko ya wuce, abin da ke fita yana ƙaruwa. To fate da yakuwa daga tukunya ake zuba shi yana tururi, haka jar miyar tumatir. Irin abincin da aka yi gargaɗi a kansa ke nan, kuma shi muke ci kusan kullum.

Shagon da na je yana cikin kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan kicin, wani dattijo ne mai shi da yaransa biyu. Bayan mun gaisa ya ce, "Hajiya, na amarya ne ko na gida?" Na ce, "Na gida ne Alhaji, wanda zai ɗauki tuwo da miya nake so, kuma yara za su taɓa." Ya ce, "To kin rage mini aiki, bari na nuna miki duka, ke za ki zaɓa da kanki." Wannan shi ne abu na farko da ya burge ni da shagon. Bai tura ni kan mafi tsada ba, ya sa yaro ya sauko da ɗaya-ɗaya daga kowane iri ya jera mini a kan kanta.

Na farko tangaran ne mai fulawoyi da ruwan gwal a baki, irin wanda ake cika shogilas ɗin amare da shi. Kyau kam akwai shi, ba a magana. Sai dai bakin gwal ɗin ba ya shiga maikirowef, tartsatsi yake yi, kuma wanki na cinye shi a hankali har ya koma dabbare-dabbare. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne zanen. Ki shafa yatsa a kan fulawar: in kin ji ta taso sama da santsin farantin, to a bisa aka manna ta, ba a ƙarƙashin sheƙin take ba. Irin wannan fenti, musamman ja da rawaya da ruwan lemo masu haske, a tangaran mai araha da ba a san inda aka yi shi ba, yana iya ƙunsar dalma ko kadmiyom, ƙarafa masu guba, abinci mai tsami kuma yana jawo su. Mu a Arewa ba sai an yi mana bayanin gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Can daga sarrafa duwatsun zinare ta fito, abin da faranti zai fitar bai kama ƙafar wancan ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutarwa, kuma yara ƙanana ne suka fi shiga haɗari. Ni dai daga nan na yanke cewa inda abinci zai taɓa, fari nake so. In dole sai da zane, ya tsaya can a gefe.

Ya nuna mini wani tangaran ɗin fale-fale, wanda in kin ɗaga shi sama kina ganin inuwar yatsunki ta ciki. Shi ne wanda ake haɗawa da tokar ƙashi, galibi na shanu, irin da Josiah Spode ya daidaita haɗinsa a garin Stoke-on-Trent na Ingila a shekarun 1790. Yana da ƙarfi duk da rashin kaurinsa, yana da tsada, wasu kuma zuciyarsu ba ta kwanciya da batun ƙashin. Wadda abin ya dama ta juya farantin, ana rubutawa a ƙasa. Akwai kuma masu kauri, ruwan toka da ruwan ƙasa, waɗanda ake yayi yanzu a hotunan Instagram. Na ɗaga huɗu a haɗe na mayar. Yarinyata mai shekara goma sha biyu ita ke tayani wanke-wanke, ba zan ɗora mata wannan nauyi ba.

Sai muka zo kan gilashi. Ya fara da Corelle, wanda kamfanin Corning na Amurka ya fito da shi a 1970. Gilashi ne hawa uku aka manne da zafi ya zama ɗaya, shi ya sa ya yi siriri da rashin nauyi har ki yi zaton roba ne. Na so shi sosai, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin abin da na ware, tunda guda 30 nake nema ba 6 ba. Daga shi sai Luminarc, na kamfanin Arc da ke garin Arques a arewacin Faransa, masana'antar da ta faro tun 1825, sunan Luminarc ɗin kuma ya fito a 1948. A nan akwai abin da ya kamata masu saye su sani. Na ji mata suna cewa in ba a rubuta Faransa a ƙasan farantin ba to jabu ne. Ba haka ba ne. Kamfanin yana da masana'anta a Ras al-Khaimah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, don haka ganin sunan Daular a ƙasa ba ya nufin an cuce ki. Indiya ma suna yin ofal da yawa, La Opala na cikin sanannunsu. Wanda na ɗauka na wani kamfani ne mai matsakaicin farashi. Abin da na duba shi ne rubutun da ke ƙasa cewa gilashin ofal ne da aka ƙarfafa, yana shiga maikirowef, sai kuma fasalinsa.

Fasalin ne ya ci lokacina. Masu zurfin faɗinsu ya kai santimita 22 ko kusa da haka, cikin ya lotsa kamar gaɓar yatsa biyu, sannan ga baki mai faɗi da babban yatsa zai kama ba tare da ya shiga miya ba. Akwai wasu masu zurfin da babu wannan baki, gefen kawai ya miƙe sama. Sun fi cin abinci, amma sai kin tallafo su da hannu biyu. Na dunƙule hannuna na ajiye a tsakiyar kowanne ina auna malmala, na ga mai bakin ya bar wa miya wuri ta kewaya, ya bar wa nama gefe. Shimfiɗaɗɗun na ɗauki masu santimita 25, na bar na 27. Babban faranti yana sa a zuba abin da ba za a cinye ba, kuma ba kowace kabad ce ƙofarta ke rufuwa a kansa ba. Ki auna zurfin kabad ɗinki da zare tun a gida, ki tafi da zaren.

Da muka gama ciniki na roƙi a buɗe mini kowane faranti. Alhaji bai ɓata rai ba, ya sa aka ba ni benci. Yaron yana zaro su daga takarda yana miƙo mini, ni kuma ina ƙwanƙwasa bakin kowanne da farce. Lafiyayye yana yin ƙara mai tsawo, tas, ta ɗan jima tana amo. Wanda ke da ɓoyayyiyar tsaga sautinsa a dushe yake, ya mutu nan take. Sai na zagaya yatsa a baki ko zan ji kaifi ko ɓantara, na ɗaga shi wajen hasken ƙofa ina neman kumfar iska ko baƙin ɗigo a cikin gilashin, sannan na aje shi a kan gilashin kanta na danna gefe ɗaya na ga ko zai yi rawa. Uku na ware, ɗaya mai rawa, biyu masu ɗigo a tsakiya. Ya canza mini su ba gardama, yana cewa, "Ai gara a nan Hajiya, sayen nagari mayar da kuɗi gida." Ba zan rubuta farashi ba, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje ba sa zama wuri ɗaya, kafin ki je ya sauya. Amma abin da na kashe a guda 30 ɗin bai kai kuɗin babban set ɗin mai gwal ba, wanda farantan cin abincinsa 6 ne kacal.

Shagon yana da nasa naƙasu. In kaya ya fita ƙofa ba a mayarwa, rasit sai kin tambaya, ɗaurin kuma tsohuwar jarida ce da kwalin taliya da igiya. Ni na ce a saka takarda tsakanin kowane biyu, a kuma tsayar da su a gefensu maimakon a kwantar. A haka na rungumo kwalin a cinya cikin adaidaita sahu, suka iso gida lafiya.

Wurin wanki ne farantan suka biya ni kuɗina. Gilashi ba shi da ƙofofin da mai zai shige, ba ya shan launi, ba ya riƙe wari. Ranar farko shinkafa da wake muka ci da manja da yaji, abincin da ya fi kowanne ɓata tsofaffin farantaina. Na share ragowar da hannu, na tsoma a bahon kumfa, soso ya bi sau ɗaya ciki da baya, na ɗauraye. Na ja yatsa a kai ya yi ƙiiƙ, babu santsi, babu ja. Wadda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ta san darajar wannan. A da sai na ɗora ruwan zafi saboda maiƙo, na canza ruwan ɗauraya sau da yawa. Yanzu baho biyu sun ishe ni. Miyar taushe, farfesun kayan ciki mai kurkur, ɗanwake da man ƙuli, babu wanda ya bar tabo har yau. Kuma fari yana tona datti, ba ya ɓoye shi yadda mai fulawa ke yi, in yara sun yi wankin ganin dama daga nesa nake hangowa.

Suna hawa kan juna lif, 18 ɗin nan gaba ɗaya ba su cika tsayin hawa ɗaya na kabad ba. Da azumi na ga amfanin yawansu. Ƙosai da dankali da ƙwai a shimfiɗaɗɗu lokacin shan ruwa, bayan tarawihi tuwo a masu zurfi, kuma akwai sauran masu tsabta na sahur ko da ba a samu wanke na dare ba. Set mai 6 ba zai yi mini haka ba, sai dai a ci a wanke a sake zubawa wani yana jira. Masu zurfin su ne ke aiki kullum: tuwo, taliya da miya, dafa-duka, fate, dambu, har kunu yara kan sha a ciki. Shimfiɗaɗɗun sai waina da sinasir da soye-soye da 'ya'yan itace. Wadda kuɗinta bai kai duka biyun ba ta fara da masu zurfi, za su yi mata aikin shimfiɗaɗɗu, amma shimfiɗaɗɗu ba za su yi mata nasu ba.

Kada wani ya ce miki ba sa fashewa. Ana ƙarfafa gilashin ne ta hanyar zafafa shi sosai a sanyaya bayansa da sauri, wannan ya sa yake jure bugu fiye da gilashin kofi na gama-gari. Nawa sun sha zamewa a siminti da kan leda suka tsira. Amma ranar da ɗaya ya faɗi da gefensa a kan tayil ɗin kicin, bai rabe biyu ko uku ba yadda tangaran ke yi, tarwatsewa ya yi. Ƙananan tsinke-tsinke masu kaifi suka bazu har ƙarƙashin firji da bakin ƙofar falo. Yarana ba sa sa takalmi a cikin gida. Sai da na fitar da kowa, na yi shara, na bi da jiƙaƙƙen tsumma na jefar da tsumman, na kuma haska tocila a kwance a ƙasa don ƙyallin ya nuna mini abin da ya rage. Wannan shi ne babban aibinsu, kuma mai rarrafe a gida ta sa shi a lissafi. Duk wanda bakinsa ya ɓantare kuma ki cire shi daga amfani, ƙarfinsa ya riga ya raunana.

Na biyu, rashin kaurinsu yana sa zafi ya ratsa da wuri. Mu a tabarma muke ci, yara kan ɗauki faranti a tafin hannu, in tuwon daga tukunya yake sai an ɗora a kan tire ko faifai. Abinci kuma ya fi saurin hucewa a kansu fiye da a tangaran mai kauri, da sanyin hunturu ana lura da haka sosai. Na uku, in da kumfa a hannu suna da santsi, shi ya sa na shimfiɗa tsohon tawul a gindin bahon ɗauraya. Soson ƙarfe kuma ba nasu ba ne, yana barin layuka ruwan toka. In cokali ya bar irin wannan alama, ɗan bekin soda da ruwa a goga da yatsa yana ɗauke ta. Ba a ɗora su a kan wuta ko risho don ɗumame.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, da ta zo ta gan su cewa ta yi, "'Yar nan, ai waɗannan kamar na asibiti." Ita langa ta sani, mai fulawa da murfi, kuma tana da gaskiyarta. Langa ƙarfe ne aka lulluɓe da ruwan gilashi, ba ya tarwatsewa, murfinsa yana tsare abinci daga ƙuda da ƙura, abin da faranti ba ya yi. Matsalarsa in ya ɓalgace tsatsa ke shiga wurin. Na ajiye mata nata guda biyu masu lafiya, a ciki nake zuba mata duk sanda ta zo. Abincin maigida da abokansa na zaure ma ban canza masa tsari ba, a kula yake fita da babban tire, su haɗa hannu su ci tare, albarkar da ke cikin haka ba faranti ne zai maye ta ba. Farantan nan na cikin gida ne, na yara masu dawowa daga makaranta a lokuta daban-daban, da baƙi mata, da ni.

Batun rashin ado kuwa, ni abincin ne nake so ya yi adon. Jar miya da ganyen alayyafo sun fi fitowa a kan fari. Fari kuma yana da wani amfani da ban ga ana faɗa ba. Zanen fulawa yayi ne, wanda aka kawo bana baɗi ba za ki same shi ba, in biyu suka fashe a set ɗinki shi ke nan ya gurgunce. Fari kullum akwai shi. Da na koma neman madadin wanda ya fashe, kwalin da na saya daga ciki ya ƙare, wanda aka ba ni farinsa ya ɗan fi nawa haske kaɗan, sai kin haɗa su gefe da gefe a rana za ki gane. A kan tabarma babu mai lura.

Iyayen amare su ne na fi so su ji wannan. Ana zuba kuɗi mai yawa a set biyu ko uku na jere, su shekara a shogilas ana goge musu ƙura, amarya kuma ta koma cin abinci a roba saboda tsoron kada na adon ya fashe. A saya mata set ɗaya na gani in ana so, sauran kuɗin a saya mata dozin na masu zurfi da rabin dozin na shimfiɗaɗɗu da za ta yi aiki da su tun daga satin farko. Tsofaffin na melamin ɗina waɗanda ba su karce ba na bar su don biskit da gyaɗa da yankan kankana, abin da babu zafi. Ƙananan yarana biyu kuwa, waɗanda ba su kai shekara shida ba, na saya musu na silba masu zurfi, sai sun ƙara wayo za su shiga layin masu gilashi.